KALMAR WANNAN WATA: ARIYAS

Masu zuwa cin kasuwar Jibiya ko Maigatari sun saba jin ma'aikatan Nijeriya suna zancen «ariyas». Kalmar daga Turancin Ingila ta fito, inda ake rubuta ta «arrears». Ma'anarta kuɗɗin da lokacin biyansu ya wuce ba a biya ba: albashi, kuɗɗin haya, lanho ko rance.

Amma asalinta ba na Ingila ba ne. A harshen Latin na Rumawan dā, «ad retro» na nufin «zuwa baya». Faransawan dā suka mayar da ita «arere». A shekara ta 1066 Wiliyam, sarkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a ƙasar. Ta bakin alƙalai da masu karɓar haraji irin waɗannan kalmomi suka shiga Turanci. Da farko «arere» na nufin wanda aka bari a baya. Sannu a hankali ta koma sunan kuɗɗin da suka makara.

Ke nan ita da «arriérés» da ake ji a ofisoshin Nijar uwarsu ɗaya. Ɗaya ta biyo ta Ingila, ɗaya ta zo daga Faransa, suka gamu a ƙasar Hausa.

A Nijeriya kalmar ta yi tashe a 1975. Gwamnatin Janar Gowon ta karɓi shawarar kwamitin Udoji, ta ƙara albashi, ta kuma lissafa ƙarin tun daga watan Afrilu na 1974. Ma'aikata suka karɓi na watanni da yawa a dunƙule, kaya kuwa suka yi tsada a kasuwa. A Nijar ma, cikin shekarun 1990, ma'aikata sun bi gwamnati albashin watanni.

Abin lura shi ne, ba kowane bashi ba ne ariyas. Manomin da ya ɗauki taki rance da alkawarin biya da kaka, bashi ne a kansa, amma bai makara ba. Sai kaka ta wuce bai biya ba sannan ya shiga ariyas. Haka mai hayar ɗaki a jika 5 kowane wata: in ya yi wata 3 bai biya ba, ariyas ɗinsa jika 15 ne, na wata na huɗu kuma yana tafe.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Barin ranar alkawari ta wuce shi ke ɓata amana, shi ke sa gobe a hana mutum rance. Saboda haka duk mai sa hannu a takardar rance, ya fara tambayar ranar biya, ya kuma riƙe ta.