Zaɓen Filin Ƙwallon Lambu: Ba Kyan Ciyawa Kaɗai Ake Dubawa Ba

Gabatarwa

Na san da mai karatu ya ga kan wannan rubutu zai yi tsaki ya ce, ina ruwan biri da gada? Ɗalibin da yake lissafin garin kwaki da kuɗin fotokwafi, me ya haɗa shi da ƙwallon lambu, wato golf, wasan da kowa ya san na masu hannu da shuni ne? Ni ma haka nake ɗauka, har zuwa hutun da ya wuce, lokacin da wani kawuna ya kira ni gidansa a nan Jalingo.

Kawun nan nawa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, a Kaduna ya koyi wasan sa'ad da yake aiki. Da aka biya shi kuɗin sallama, sai ya ƙudura cewa zai je hutun mako guda a wani wurin shaƙatawa, ya buga wasansa a fili mai kyau ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai ɗan nan, ku ne 'yan boko, duba mini inda ya fi dacewa." Na ce, "To Kawu, Allah ya sa mu dace." Kwana uku muka yi muna dubawa muna gardama. Abin da na fahimta a kwanakin nan shi ne nake son in baje wa 'yan'uwana ɗalibai, domin na gano cewa maganar ta wuce hutun mutum ɗaya, ta taɓo makomar jiharmu.

Yadda wasan yake

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Cikakken fili yana da ramuka 18, tsarin da aka gada daga tsohon filin St Andrews na ƙasar Sikotilan tun shekarar 1764. Ɗan wasa zai bugi 'yar ƙwallo da sanda daga nesa, ya bi ta har ya jefa ta cikin rami, sannan ya wuce na gaba. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Ba a yarda mutum ya ɗauki sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. Zagaye ɗaya yakan ci kamar awa huɗu, da tafiyar da ta haura kilomita 6 a ƙafa.

Wasan kuwa ba baƙo ba ne a Arewa. Turawan haƙar kuza sun kafa filin Rayfield a Jos tun 1913, ga kuma tsofaffin filaye a Kano da Kaduna da Zariya. Kawu ya ba ni labarin cewa a yawancin filayen Arewa na da, ba ciyawa ake shukawa a kewayen rami ba, rairayi ne ake cuɗawa da baƙin mai a daddaɓe, saboda ƙarancin ruwa. A riƙe wannan batu na ruwa, za mu dawo kansa.

Tambayoyi uku da kowa yake yi

Hoton da ya fara ɗauke hankalin Kawu shi ne na filin Ile aux Cerfs da ke ƙasar Morishus. Fili ne a kan wani ɗan tsibiri, sai an shiga jirgin ruwa ake isa, kuma shahararren ɗan wasan nan Bajamushe, Bernhard Langer, shi ya tsara shi. Sai kuma filayen gaɓar tekun Kenya, irin su Vipingo Ridge da Nyali a yankin Mombasa. A gida kuwa mun duba filin otal ɗin Ibom da ke Uyo mai ramuka 18, da ɗan ƙaramin filin da ke kan tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba, da kuma Rayfield. A hoto dai duk sun yi kyau, to amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Tambaya ta farko ita ce ta yanayi. Ƙasashen zafi ba su da tabbas, kowace da lokacinta. A Morishus daga Nuwamba zuwa Afrilu ne lokacin zafi da guguwar teku. A gaɓar Kenya ruwan sama mai ƙarfi yakan sauka daga Afrilu zuwa Yuni. Uyo kuwa damina ta fi rani tsawo, ga gumi mai naso. Dattijon da ya haura shekara sittin, in ya ce zai yi awa huɗu yana tafiya a irin wannan gumi, to ba hutu ya je ba, wahala ya sayo da kuɗinsa. Shi ya sa masu wasan suke fita da sassafe, ko kuma su nemi tudu inda iska take da sanyi.

Ta biyu ita ce ta sanin kai. Filayen da aka gina domin gasar ƙwararru cike suke da tafkuna da ramukan yashi da lunguna. Mai matsakaicin hannu in ya shiga irinsu, ƙwallayensa za su ƙare a ruwa, ya dawo masauki da ɓacin rai. Da na karanta wa Kawu bayanin wani fili, sai ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ba sa'ana ba ne, iya ruwa fid da kai." Gara mutum ya buga fili ɗaya da ya yi daidai da shi sau biyu, da ya bi filaye huɗu don kawai ya dawo ya ce ya je.

Ta uku ita ce ta aljihu. Kuɗin shiga fili shi ne ƙaramin abu. Akwai kuɗin jirgi da biza da masauki, da hayar sanduna ko kuɗin awon jakarsu a jirgi, da ladan yaron da zai ɗauki jaka, da motar da za ta kai mutum filin in yana nesa da otal. Duk wannan da dala ake biya in a waje ne, kuma kowa ya san yadda darajar naira ta faɗi tun daga 2023. Da muka haɗa lissafi sai Kawu ya yi shiru, domin ya ga mako guda zai lashe abin da zai riƙe karatun ƙannena na tsawon lokaci.

Tambayar da ba a yi

Waɗannan uku duk mai tafiya yana yin su. Amma a ra'ayina akwai ta huɗu wadda ta fi su nauyi, kuma ba za ka gan ta a tallar kowane otal ba. Ita ce: wannan ƙasar ta wane ce kafin a shuka ciyawa, kuma ruwan da ake ba ta daga bakin wa aka ɗauke shi?

Cikakken fili yakan ci hekta 50 zuwa 70, wato gonakin gidaje da dama. Ciyawarsa kuwa ba ta san rani ba, kullum sai ta sha. Mu da muke zaune a Jalingo mun san darajar ruwa. Mun san yadda ake jiran mai kura da jarkokinsa a watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, Mayo Gwoi ya koma yashi. Wanda ya taɓa yin wanka da rabin bokiti bai kamata ya ga kore shar a tsakiyar rani ya wuce bai tambayi daga ina ba.

Kada a ce ƙorafin talaka ne kawai. A shekarar 1990, a garin Oka na ƙasar Kanada, an yi niyyar faɗaɗa wani filin golf zuwa cikin ƙasar da 'yan ƙabilar Mohawk suke cewa tasu ce, kusa da maƙabartar kakanninsu. Aka yi kwana 78 ana zaman doya da manja, har sai da aka turo soja, kuma an yi asarar rai. A shekarar 2022, da fari ya addabi Faransa aka hana mutane ban ruwa a lambunansu amma aka sassauta wa filayen golf, wasu masu fafutuka sun bi dare suka cike ramukan wasan da siminti a kusa da birnin Toulouse. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka ina ganin mai zaɓen fili yana da alhaki. Ya tambaya ko ruwan sama da aka tara ko wanda aka tace ake amfani da shi, ko kuwa na shan jama'a ne. Ya duba ko 'yan garin suna aiki a wurin, kuma ko ana barin yaran da suke ɗaukar jaka su koyi wasan, domin da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya daga ɗaukar jaka suka fara. Kuɗin baƙo ƙuri'a ce. Inda ya kai shi, can ya goyi baya.

Ina ruwan Taraba?

A nan ne maganar ta dawo gida. Abin da masu kuɗi suke ƙetare teku suna nema, wato sanyi da kore da natsuwa, Allah ya ba mu shi kyauta. Tsaunin Mambila da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna ya kai kimanin mita 1,600 a sama da teku, ya fi Jos tudu. Wanda ya taɓa hawa daga Mayo Selbe ya bi ta Maisamari da Nguroje zuwa Gembu ya san abin da nake faɗi: tuddai ne lulluɓe da ciyawa iya ganinka, ga shanu, ga itatuwan zaiti, ga gonakin shayi na Kakara, ga hazo da safe har sai ka nemi rigar sanyi. A gefe ga gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Nijeriya, inda Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan da mita 2,419. Ba banza aka yi wa jihar kirari da kyautar Allah ga ƙasa ba.

Don haka ba abin mamaki ba ne in wata rana wani mai jari ya zo da taswira ya ce zai gina otal da filin golf a Mambila. Ciyawar ma ba sai an sha wahalar ba ta ruwa ba, tunda damina a can tana da tsawo. A ranar, mu ɗaliban yau mu ne za mu kasance ma'aikata da 'yan jarida da 'yan majalisa da za a nemi sa hannunmu. Me za mu ce?

Wasu za su ce a kore shi, wasan banza ne, almubazzaranci ne. Ban yarda da su ba. Tafiyar kilomita shida a ƙafa motsa jiki ce mai amfani ga dattijo, kuma tun 2016 wasan ya koma cikin gasar Olamfik. Baƙon da ya zo zai kwana, zai ci, zai sayi zuma da shayi da man shanu. Aikin yi kuwa ba abin rainawa ba ne a jihar da matasanta suke zaman kashe wando.

Wasu kuma za su ce a ba shi duk abin da yake so, ci gaba ne. Su ma ban yarda da su ba. Ƙasar Mambila ba fanko ba ce. Kowane tudu da ka gani akwai mai noma ko mai kiwo da yake cewa nasa ne, kuma ba mu manta da rikicin shekarar 2017 ba, wanda ya ci rayuka da dukiyoyi a kan batun ƙasa. Wanda ya yanki hekta sittin a irin wannan wuri ba da yardar manoma da makiyaya ba, ya jefa ashana a tarin ƙaiƙayi. Sannan mu ɗauki darasi daga Obudu. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, an ƙaddamar da motar igiya mai tsawon kimanin kilomita 4 da take hawa da baƙi kan tsaunin, sunan wurin ya zagaye ƙasa. Daga baya rashin kulawa ya sa wurin ya ja baya. Gini ba shi ne wuya ba, riƙo shi ne aiki.

Abin da nake gani shi ne a bi abu daki-daki. A fara da hanya, domin wanda zai kwashe yini guda daga Jalingo ta Bali da Serti kafin ya isa Gembu ba zai dawo da iyalinsa ba. A tabbatar da zaman lafiya. A samar da masauki mai tsabta da wuta da ruwa. In an yi waɗannan, ƙaramin fili mai ramuka 9, a ƙasar da masu ita suka bayar da yardarsu kuma suke da kaso a cikin riba, ya isa a fara da shi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kammalawa

A ƙarshe dai Kawu bai je Morishus ba. Jos ya tafi a mota, ya yi kwana biyar yana buga wasansa a Rayfield da sanyin safiya tare da tsofaffin abokan aikinsa, ya dawo da sauran kuɗinsa. Ya kuma yi mini alkawarin cewa in an yi hutu mai zuwa za mu hau Mambila tare, ba da sanduna ba, da ƙafa da ido kawai. Ya ce mini, "Ɗan nan, shekara talatin ina jin labarin wurin nan a bakin baƙi, ga shi a jihata, ban taɓa zuwa ba. Wannan abin kunya ne."

Kira na ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, kada mu ce harkar yawon shaƙatawa ta manya ce. Mu san jiharmu, mu je mu gani, domin gani ya kori ji. Mu rubuta labarin wuraren nan da Hausa, yadda manomi da makiyayi za su ji abin da ake shirya wa ƙasarsu tun kafin a kafa turaku. Wanda ya san darajar abin da yake hannunsa ba a saye shi da arha. Allah ya ba mu zaman lafiya a Taraba da Nijeriya baki ɗaya, amin.