Ba a fafe gora ranar tafiya: batun sauya ƙwaƙwalwar manyan na'urorin rezo

Ranar Talata 12 ga watan Agusta na 2014, intanet ta yi tuntuɓe a ƙasashen da suka fi kowa taƙama da ita. A Amurka da wasu sassan Turai, shafuka sun yi ta ɗaukewa, ciniki ya tsaya wa wasu kamfanoni na tsawon awowi, alhali wayoyi suna nan lafiya lau, wutar lantarki kuma ba ta yanke ba. Da aka bincika, sai aka tarar littafin hanyoyi ne ya cika a cikin tsofaffin na'urori. Ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na da abin koyo a wannan labari, domin aljihunsu da albashinsu yau suna bi ta cikin irin waɗannan na'urori.

Na'urar da ake magana a kanta ita ce ruta, mai rarraba saƙonni tsakanin rezo da rezo. Babbar ruta ta kamfanin sadarwa takan kai girman kabad, kuma aikinta ya yi kama da na tashar mota. Akwai katunan ƙofa, inda ake soka wayoyi. Su ne ƴan kamasho masu lodi da saukewa. Akwai kuma kati guda wanda shi ne sarkin tasha, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Shi ke magana da rutocin maƙwabta ta ƙa'idar da ake kira BGP, ya ji wace hanya ta buɗe, wace ta rufe, ya zaɓi wadda ta fi, ya rubuta a littafi, sannan ya miƙa jerin ga wata ma'ajiya ta musamman mai saurin gaske, mai suna TCAM, wadda ake dubawa kafin a tura kowane ƙullin saƙo. Wannan ma'ajiya tana da tsada, kuma tana da iyaka.

A cikin rutocin Cisco samfurin 6500 da 7600, waɗanda suka cika duniya a lokacin, an ƙayyade wa ma'ajiyar gurbin hanyoyi 524,288 tun daga masana'anta. A ranar da aka ambata, kamfanin Verizon na Amurka ya saki ƙarin hanyoyi wajen 15,000 na ɗan lokaci, jimillar ta haura iyaka. Da ma'ajiya ta cika, sai na'urorin suka riƙa tura wa sarkin tasha kayan da ba su sami gurbi ba, ya koma yin dako da kansa, aiki ya fi ƙarfinsa. Wasu rutocin suka yi nauyi, wasu suka zubar da saƙonni.

Abin takaici shi ne ba a yi wa kowa ba-zata ba. Tun watan Mayu na wannan shekara Cisco ya fitar da gargaɗi, ya kuma nuna magani: masu kati mai babbar ma'ajiya su sake rabon gurbin su tayar da na'urar, masu ƙaramin kati kuwa su sauya shi ko su rage hanyoyin da suke karɓa. Waɗanda suka ji sun kwana lafiya. Sauran sun jira sai da gobara ta tashi. Kowa ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.

Littafin nan kuwa bai daina ƙaruwa ba. A 1994 hanyoyin ba su wuce wajen 20,000 ba. A 2001 sun kai 100,000. A 2019 sun haura 768,000, iyakar da da yawa suka matsar da na'urorinsu zuwa gare ta bayan wahalar 2014, yau kuma ana maganar wajen miliyan guda, ban da na sabon tsarin adireshi IPv6, wanda kowace hanyarsa ke cin gurbi fiye da ta tsohon tsari. Dalilin a fili yake. Adireshin tsohon tsari, kimanin biliyan 4.3, sun ƙare a babban rumbun duniya tun Fabrairun 2011, saboda haka ana ta yanka manyan kaso ƙanana ƙanana ana sayarwa, kuma kowane yanki sabon layi ne a littafin. Ke nan ruta tana tsufa ko da babu ƙwayar ƙura a jikinta, domin duniyar da aka auna ta da ita ta ƙara faɗi.

Ina ruwan mai shago a Maraɗi ko akawu a Tawa da wannan? Nijar ba ta da teku. Intanet ɗinta tana shigowa ne ta wayoyin fiba da suka ratsa ƙasashen maƙwabta zuwa gaɓar teku, ga kuma aikin wayar Sahara zuwa iyakokin Aljeriya da Cadi wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace daura da gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga ƙuncin rezo. A irin wannan rana, dubban hanyoyi ne ke rufewa lokaci guda, kuma ƙwaƙwalwar ruta ce za ta sake lissafi ta juya kaya ta wata ƙofa. Ƙofa ta biyu ba ta da amfani idan sarkin tasha ya tsufa, littafinsa ya cika. Mai jiran takardar duwan ta na'ura, da mai aika kuɗi Kwatano ko Kano, da ma'aikacin da ya tsaya layi a banki ƙarshen wata, amsa ɗaya za su ji: babu rezo.

A nan ne matsalar ta bar hannun injiniya ta koma teburin masu kasafin kuɗi. Sabon gini yana da ranar buɗewa, akwai yanka ƙyalle, akwai jawabi da hoto. Katin da aka zare da tsakar dare aka soka wani ba ya tara jama'a, ba wanda zai yi wa shugaban ma'aikata kirari a kansa. Shi ya sa a wurare da yawa ake sayen na'ura kamar an sayi turmi, wanda za a bar wa jikoki. Alhali masu ƙera ta suna sanar da ranar da za su daina sayar da kowane kati, kuma a al'adar Cisco tallafi yakan ƙare shekara biyar bayan nan. Duk wanda ya sa hannu a kwangilar saye yana iya sanin wannan rana. In bai tanadi kuɗin sauyi ba, ya ci bashi ne da sunan wanda zai gaje shi.

Sauyin kansa ba a yin sa da garaje. Sabon kati yakan buƙaci sabuwar manhaja, wani lokaci da ƙarin ƙarfin wuta da fanka mai sauri. A samfurin 6500 da 7600, in aka haɗa babban kati da katunan ƙofa masu ƙaramar ma'ajiya, na'urar gaba ɗaya tana saukowa zuwa matsayin mafi rauni, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza. Dole a ajiye kwafin saitin na'ura kafin a taɓa ta, a gwada katin a gefe, a sanar da jama'a lokacin aikin, a kuma bar tsohon katin kusa ko da za a koma masa. Manyan rutoci suna da gurbin ƙwaƙwalwa biyu, domin in ɗaya ta faɗi ɗayar ta karɓa. Barin gurbi na biyu fanko da sunan tsimi daidai yake da fita Agadas da babbar mota ba tayar safaya.

Masu ja da wannan magana suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa ba kowace ruta ke buƙatar littafin duniya ba. Gaskiya ne: ƙaramar rutar biro, ko ta kamfanin da ke da ƙofa ɗaya tak, layi guda ya ishe ta, wato duk abin da ba na gida ba a miƙa shi gaba. Ana kuma iya tace hanyoyi a rage nauyi. Amma rutocin bakin iyaka, masu zaɓi tsakanin ƙofofi biyu ko uku, tacewa jinkiri kawai take saya musu. Wasu kuma suna cewa kati ɗan gwanjo ya fi araha. Ɗan gwanjo da aka gwada, aka san asalinsa, ba laifi ba ne. Sai dai a 2024 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwar Florida shekara shida da rabi saboda sayar da jabun kayan Cisco, waɗanda suka shiga har asibitoci da makarantu da cibiyoyin soja na ƙasar. In jabu ya ratsa can, to mai saye a Yamai ko Damagaram sai ya buɗe ido biyu. Araha ba ta ado.

Abin da ya dace ba shi da wuyar faɗi. Kowace kwangilar sayen babbar ruta da kuɗin jama'a ta zo da adadin hanyoyin da katin ke iya ɗauka, da ranar ƙarewar tallafinsa, da kati na biyu, da kuɗin horar da ƴan ƙasa da za su yi sauyin da hannunsu. Hukumar da ke sa ido kan sadarwa ta riƙa tambayar kamfanoni shekarun ƙwaƙwalwar na'urorinsu, kamar yadda ake tambayar mota takardar lafiyarta. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ma'aikata, waɗanda su ke biyan kuɗin kira da haraji, suna da haƙƙin neman amsa a rubuce duk lokacin da rezo ya ɗauke. Littafin hanyoyi yana ƙaruwa kowane mako, ana kuma wallafa adadinsa a fili ga duk mai son dubawa. Wanda na'urarsa ta cika gobe ba zai ce ƙaddara ce ba.