Babban digirin Faransanci da bai san ƙofar gida ba

Tun watan Maris na 2025, lokacin da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundin sake gina ƙasa ya ɗaukaka Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, tambaya ɗaya ke yawo tsakanin malamai: mene ne sauran amfanin master da doktora a fannin harshe da adabin Faransanci? Wasu na cewa a rufe, a huta. Wasu kuma, galibi waɗanda suka ci gajiyar tsarin, sun yi gum, suna jiran iska ta wuce su ci gaba da koyarwa yadda suka gada. Masu neman rufewa sun yi gaggawa, amma laifin masu shiru ya fi girma, domin su ne suka bar wannan karatu ya zama baƙo a gidansa.

Ga yadda abin yake. Ɗalibi ya yi shekara 3 na lisansi, ya ƙara 2 na master, wani ma ya ƙara 3 ko fiye ya fito dokta. Ya karanta Molière da Balzac, ya karanta Senghor da Ahmadou Kourouma, ya iya jera sunayen masu sharhin adabi na Faransa kamar yana jan tasbaha. A duk tsawon shekarun nan ba lalle ne a taɓa neman ya rubuta shafi ɗaya da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci ba. Daga nan sai a tura shi wani kolej a karkarar Tasawa ko Madawa, gaban yara ƴan aji na farko waɗanda ba a taɓa yi musu Faransanci a gida ba. In darasi ya cije, sai ya juya cikin Hausa a ɓoye, kamar mai satar hanya, da fassarar da ba wanda ya koya masa. Yaron ya fita bai samu Faransancin ba, Hausar ma ta ji rauni. Zanen aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Ko a fagen bincike tsantsa, gurguncin a fili yake. A ɗauki littafin Sarraounia da Abdoulaye Mamani ya wallafa a 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986. Labarin ya tsaya ne kan turjiyar sarauniyar Lugu ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Wanda ke son gane abin da Mamani ya ɗauko daga bakin mutane, da abin da ya samo a takardun sojojin Faransa, da abin da ya ƙaga da kansa, dole ya iya karanta rahoton Bafaranshe, ya kuma iya zama gaban dattawan Arewa, a yankin Dogon Dutsi, ya saurari Hausarsu da kirarinsu. Ɗalibin Yamai ko Damagaram ya fi kowane ɗalibin Paris damar yin wannan aiki. Sai ga shi tsarin karatunsa na tura shi ya yi gasa da Bafaranshe a inda Bafaranshe ya fi ƙarfi, ya bar gonar da ba mai iya noma ta sai shi. Haka zancen yake ga rubuce-rubucen Boubou Hama, da suka cika da tatsuniya da tarihin baka na Zabarmawa da Songai.

Kuma kayan aikin na nan kusa. A Yamai cibiyar CELHTO take, wadda aka kafa a 1968 domin tattara tarihin baka. A Yamai ne cibiyar IRSH ke ajiye da dubban rubutattun takardu na Larabci da ajami. Tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10, Hausa kuma ta samu ƙa'idar rubutu ta hukuma tun 1999. Jami'ar Yamai kanta na ɗauke da sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya kare koyarwa da harsunan Afirka. An ɗora sunansa a ƙofa, an bar shawararsa a waje.

Masu kare tsohon tsari na da hujjoji uku, kuma ba wadda ta tsaya da ƙafarta. Ta farko, wai akwai sashen nazarin harsuna, can ya kamata mai son Hausa ya nufa. Wannan rabon aiki shi ne ciwon: an sa masanin Hausa a ɗaki ɗaya, masanin Faransanci a wani, alhali yaron da ke aji, da majinyacin da ke gaban likita, da manomin da ke gaban alƙali, duk mutum ɗaya suke nema wanda ya riƙe harsunan biyu. Ta biyu, wai harsunan gida ba su da kalmomin ilimi mai zurfi. A jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato an daɗe ana rubuta kundin doktora da Hausa, kan nahawu da waƙa da wasan kwaikwayo. Kalma a bakin aiki ake ƙera ta. Ta uku, wai digirin zai rasa daraja a idon CAMES da jami'o'in waje. Hukumar CAMES, wadda a Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, inganci take aunawa, kuma ƙarin harshe bai taɓa rage darajar dokta ba. A Paris ɗin ma, makarantar Inalco na koyar da Hausa. Abin kunya ne a ce Bafaranshe ya ga amfanin haɗa harsunan biyu, mai harshen bai gani ba.

Rufe wannan karatu kuwa asara ce. Dokokin ƙasa, da takardun mulkin mallaka, da yarjejeniyoyi da maƙwabta irin su Mali da Burkina Faso da Benin da Cadi, da yawancin littattafan likitanci da aikin gona da ke hannun ma'aikata, duk da Faransanci suke. Ƙasar da ke son mayar da wannan tarin ilimi cikin harsunanta ta fi kowace buƙatar mutanen da suka san Faransanci ciki da bai. Wanda bai ƙware a harshen da zai ɗauko ba, ba zai sauke kaya lafiya ba.

Gyaran da ake nema bai fi ƙarfin jami'o'in Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram ba. Kada a ba kowa master na Faransanci sai ya ci jarrabawar karatu da rubutu a ɗaya daga harsunan ƙasar, wanda ya zaɓa da kansa. Fassara, daga Faransanci zuwa harshen gida da kuma daga harshen gida zuwa Faransanci, ta zama ginshiƙin darasi mai makin da zai iya kayar da ɗalibi. Kowane kundi ya zo da taƙaitawa mai tsawo cikin harshen gida, a kuma sa masanin wannan harshe cikin alƙalan da za su saurari kariyar kundin. Malaman da za su shiga aji a horar da su koyar da Faransanci a matsayin harshe na biyu, tunda haka yake ga kusan kowane yaro a ƙasar.

Ƙungiyoyin malamai da na raya al'adu su ne ya kamata su kai wannan buƙata gaban magabatan jami'o'i da ma'aikatar ilimi mai zurfi, a rubuce, kafin a sake fitar da wani rukunin daktocin da ba za su iya bayyana wa iyayensu abin da suka rubuta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.