Fa'idodi da Illolin Ziyarar Garin Jimina da Kogo

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Na'isa ya san gashin jimina tun yana ƙarami, ko da bai taɓa ganin tsuntsuwar ba. Yana ganinsa ranar hawan sallah, a figinin da ake yi wa Sarki fifita da shi da kuma takalmin sarauta, waɗanda tarihin Kano ya danganta shigo da su ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). A da, fatake kan ɗauki gashin nan daga Kano su ratsa Sahara da shi har Tarabulus. Yau kuwa, garin da duniya ta sani da jimina shi ne Oudtshoorn, a Afirka ta Kudu, mai nisan kilomita kusan 420 daga Cape Town. A arewacinsa, tafiyar kilomita kusan 30, akwai Kogon Cango a gindin duwatsun Swartberg. Shin Bakano ya ɗaura ɗamarar zuwa can, riba ce ko asara?

Fa'idodi

Ta farko, ilimin sana'a. Manoman garin ba sa yar da komai na jimina. Naman ja ne, mai ƙarancin kitse. Fatar ana jeme ta a ɗinka jaka da takalma masu tsada, gashin a yi ado da abin kakkaɓe ƙura, ɓawon ƙwan kuma a zane shi a sayar wa baƙi. Ƙwai ɗaya ya kai na kaza 24, kuma yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 42. Ga mutumin garin da ke da majema da dukawa, wannan karatu ne da zai iya komawa gida da shi.

Ta biyu, tarihin da ya shafe mu kai tsaye. A 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko tawaga ƙarƙashin Russel Thornton don neman jiminar Sahara mai kyakkyawan gashi. Sun zo Kano, suka sayi tsuntsaye, suka koma a 1912 da fiye da 100. Wato su ne suka fara zuwa neman iri a wurinmu. Bakanon da ya san haka zai tambayi kansa dalilin da ya sa mai iri ya koma ɗan kallo.

Ta uku, tunani kan ikon Allah. Kogon na dutsen farar ƙasa ne. Ruwan sama mai ɗan tsami ya yi ta bin tsagar dutsen yana narkar da shi tsawon zamani, sannan ɗigon da ke sauka ya bar ginshiƙai, wasu na lilo daga sama, wasu na tasowa daga ƙasa. Irin wannan dutse muna da shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, sai dai siminti muka san shi da shi.

Ta huɗu, ganin yadda baƙo ke ciyar da ƙauye. Ɗan jagora, mai masauki, direba da mai sayar da tsaraba duk suna samun abin sawa a bakin salati ba tare da sun tafi cirani ba.

Illoli

Ta farko, ɗawainiya. Biza, kuɗin jirgi da canji sun isa jarin wani. Ga kuma bincike kan halaccin yanka, domin yankin na masu noman inabin giya ne, dole Musulmi ya tambaya kafin ya ci.

Ta biyu, wahalar da dabba. An daɗe ana ɗora baƙi a bayan jimina don nishaɗi, duk da jikinta bai dace da ɗaukar mutum ba, har wasu gonaki suka daina a 2017. Haɗarin ma bai tsaya a kanta ba, don tsuntsuwar da ke gudun kilomita 70 a awa, shurinta na iya raunata ƙato.

Ta uku, lalacewar kogon. Baƙin farko sun ɓalle ginshiƙai sun tafi da su, wasu sun rubuta sunayensu a bango. Numfashin taro da zafin fitilu na sauya iskar ciki, suna sa gansakuka tsiro. Shi ya sa aka daina kiɗe-kiɗe a babban zauren, aka kuma rufe sassan da aka gano daga baya. Lungunan ciki ma ba na kowa ba ne: a 2007 wata mata ta maƙale a wani matsatsi, mutum fiye da 20 suka yi sa'o'i a bayanta.

Ta huɗu, dogaro da abu guda. A 1914 kasuwar gashi ta rushe, saboda yaƙi da sauyin ado da zuwan mota marar rufi, attajiran da suka gina manyan gidaje suka wayi gari da bashi. A 2011 murar tsuntsaye ta sa aka hallaka dubban jiminu, Turai ta dakatar da sayen ɗanyen naman. Garin da abincinsa ke hannun baƙo, ranar da baƙo ya fasa zuwa sai tukunya ta huce.

Hukunci

A ganina, fa'idar ta rinjayi illar ga wanda zai je koyo: manomi, majemi, likitan dabbobi ko ɗalibi. Mai zuwa ɗaukar hoto kawai, ya fara da Yankari da kogunan Marshall, ko Dala da Gidan Makama. Wanda ya je kuma, kada ya hau jimina, kada ya taɓa bangon kogo.

Babban aikin yana gida. Jiminar Sahel mai jan wuya ta kusa ƙarewa a dazukanmu, har sai da aka kafa wurin kiwonta a Kelle, cikin jihar Damagaram, don ceto irinta. Tsohuwar Ƙofar Na'isa ma an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Idan muna son baƙo ya zo ya kashe kuɗinsa a Kano, sai mun kare ganuwar da ta rage, mun kuma tallafa wa masu kiwo da masu jima.