GIDAN GIYA A BAKIN IYAKA: MAGAJIYA 'YAR HAYA CE, INA MAI GIDAN?

Duk wanda ya san Dole Kaina ya san gari ne da Turawa suka ja wa layi a ka. Yana bakin Kogin Kwara, Nijar na manne da shi, Benin kuma 'yar tafiya ce a jirgin ruwa. A tsallake ga ƙasar Bagudo, su Illo da Lolo da Tsamiya. Mutum zai karya kumallo a jihar da aka ce tana bin shari'ar Musulunci, kafin la'asar yana Gaya ko Malanbil, inda mashaya ke buɗe da lasisin gwamnati, kwalbar La Béninoise a kan tebur babu mai cewa uffan. Jama'ar tsallake da ta nan duk ɗaya ce, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani, alƙiblarsu ɗaya. Abin da ya bambanta su takardar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu ce a 1898, lokacin da suka raba ƙasar Bargu kamar naman layya, Faransa ta ɗauki Nikki, Ingila ta riƙe Busa da Illo.

To, a irin wannan wuri ne ake ta kai ruwa rana a kan gidan giya. Liman ya yi huɗuba, matasa su harzuƙa, a kama magajiya, a farfasa kwalabe, a koma gida ana kabbara. Bayan 'yan watanni gidan ya sake buɗewa a wani lungu, ko ya ƙetara ruwa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wai wane ne mai gidan nan? Don kuwa magajiya 'yar haya ce kurum. Gidan yana da masu shi, an daɗe ana gadonsa hannu da hannu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa kwana a ofishin Hisba.

Mai gidan farko Bature ne, kuma shi ne ya fi kowa iya munafunci. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a birnin Brussels suka yi yarjejeniya, wai za su hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Lugga ya kafa tutarsa a Lokoja ran 1 ga Janairun 1900, sai ya ce Arewa tana cikin irin waɗannan yankuna. Dokar giya ta 1917 ta ƙara tabbatar da haka. Har yau akwai masu yaba wa Nasara a kan wannan, wai ya mutunta addini. Ina mutuncin yake? A daidai wannan lokaci, kusan rabin kuɗin shigar gwamnatin Kudu, wani zubin ma fiye, daga harajin barasar da ake saukewa a bakin teku yake fitowa. Arewa kuwa ba ta iya riƙe kanta a lissafinsu, sai an ciko mata daga Landan da kuma daga Kudu. Wannan giɓin yana cikin manyan dalilan haɗe ƙasar a 1914. Ke nan mulkin da ya ce ya hana Musulmi shan giya, da kuɗin giya ake biyan wani sashe na ɗawainiyarsa.

Kuma hanin ma ai na jeka-na-yi-ka ne. Dokar ta ware Bature, yana da kulob ɗinsa a Bariki, yana sha son ransa. Ta buɗe wa ma'aikacin da ya zo daga Kudu ko Saliyo ƙofar neman izini. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a bayan ganuwa. Daga nan aka kafa ƙa'idar da ake tafiya a kanta har gobe: haramun a cikin birni, halas a Sabon Gari. Ba a kawar da saɓon Allah ba, an yanka masa fili ne an zagaye, an sa mai gadi, an ce ya riƙa biyan haraji. Ɗan birnin da ke so ya san hanya, sai dai ya bari duhu ya yi.

Da Nasara zai tafi, bai tafi da makullin ba, ya miƙa wa yaran da ya rena. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya ce laifi ne Musulmi ya sha giya, har da 'yar bulalar kunyatarwa. Shekara uku bayan haka, a 1963, kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'antarsa a Kaduna, hedikwatar Jihar Arewa, ƙarƙashin gwamnatin da Musulmi ke shugabanta. Doka ɗaya ta ce a bugi mashayi, wata ta ba mai dafawa lasisi. Magajiya kuwa a wancan zamani ai ba ɓoyayya ba ce. Hukumar En'e ta san ta, ta hannunta ake isar da umarni ga matan gidan, 'yan siyasar jamhuriya ta farko kuma ta hannunta suke tara matan da za su cika musu fili ranar lacca. Sai fa idan ruwa ya ɗauke, damina ta yi gardama, a nan ne za a tuna cewa zunubi na hana ruwa, a yi shela karuwai su yi aure cikin kwana kaza ko su bar gari. Ba a taɓa jin an yi shela cewa mai karɓar kuɗin lasisi ya bar gari ba.

Soja ya zo ya gaji gidan, ya ƙara masa ɗaki, wato kasuwar mami da ke cikin kowane bariki. Wannan ɗakin ya fi sauran ƙarko, domin ƙasar bariki ta gwamnatin tarayya ce.

Sai 27 ga Oktoban 1999, aka yi gagarumin taro a Gusau, Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Zamfara. Jama'a suka yi dafifi daga ko'ina, wasu na kuka don murna, kuma babu mai shakkar niyyar talakan da ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin mota. Kebbi ta bi sahu a ƙarshen shekarar 2000. Tun a lokacin 'yan uwa na Harkar Musulunci suka faɗa, aka yi musu ca: ba a dasa shari'ar Allah (T) a ƙarƙashin tsarin mulkin da ya ce shi ne sama da kowace doka. Me ya biyo baya? An rufe gidajen talakawa, kasuwar mami ta ci gaba da ci, har ta ƙara samun ciniki tunda an kashe mata kishiyoyi. Sauran kuma suka tattara komatsansu suka tsallaka iyaka, su Birnin Ƙonni da ƙauyukan hanyar Maraɗi suka cika, masu motoci daga Nijeriya suna bin su can a ƙarshen mako. A Nuwamban 2000 da aka yi tarzoma a Maraɗi kan bikin nunin tufafin da aka shirya a Yamai, mashaya da ɗakunan mata aka cinna wa wuta. Waɗanda suka ba da izinin bikin suna gidajensu cikin sanyin na'ura.

Jama'a, a duba hadisin nan sananne da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah (S) ya la'anci mutum goma a kan giya. Mashayi ɗaya ne tak a cikinsu. Akwai mai tatsa, da mai dako, da mai sayarwa, da mai saye, akwai kuma mai cin kuɗinta. To wa ke cin kuɗinta a yau? Tun Janairun 1994 ake karɓar harajin VAT a kan kaya, har da giya, a zuba a tukunya ɗaya a Abuja a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata. Jihohin shari'a ba su taɓa cewa a tsame musu kason kwalba ba. A Fabrairun 2022 Hisbar Kano ta murƙushe kwalabe sama da miliyan 3 a gaban kyamara, ƙarshen wata kuma kwamishinan kuɗi ya tafi karɓo rabo. Har sai da ta kai a 2021, lokacin rigimar VAT, gwamnan Ribas na wancan lokaci Nyesom Wike da magoya bayansa suka riƙa yi wa gwamnonin Arewa gori da wannan. Abin kunya, wanda ba ya sallah ne ke tuna wa mai rawani hukuncin cin kuɗin giya.

Akwai kuma mai gida na kusa, wanda ba a son a ambata. Da an taɓo zancen sai a ce ai baƙi ne, ai 'yan Kudu ne, ai 'yan Benin ne. Baƙo da fili ya zo a kansa? Wani ɗan gari ne ya sayar masa ko ya ba shi haya, ya ninka kuɗin don ya san sana'ar da za a yi, ranar Juma'a kuma yana sahun farko. Mai jirgin da ya ɗauko katon-katon ɗan gari ne. Masu zama a kan bencin da dare, in da za a kunna fitila, sunayensu Musulmi ne. Tunzura matasa su far wa Kirista mai shago hanya ce ta ɓatar da sawu, mahukunta kuma sun fi kowa son ta, domin muddin talaka na faɗa da talaka babu mai ɗaga kai ya dubi sama.

Kada wani ya ce gwamnati ba ta da ikon tsare iyaka. Mutanen Dole Kaina da Kamba da Lolo sun ga ikon da idonsu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa saboda shinkafa, a Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur duk garin da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai injin ban ruwa da mai jirgi da mai niƙa suka ɗanɗana kuɗarsu. Iyakar Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. A Agustan 2023 aka sake datsewa saboda juyin mulkin Nijar, aka raba ɗa da uwa, ɗan kasuwa da kasuwarsa, har zuwa Maris ɗin 2024. Saboda buhun shinkafa an yi, saboda kujerar Bazoum an yi, an baza masu kaki a kowace kwana suna zazzage buhun tsohuwa. Ba a taɓa datse wata hanya ko ta yini guda saboda kwalba ba, don kuwa kwalba tana da rasit, kuma sunan mai gidan ne a jikin rasit ɗin.