A SALLAMA GWANIN WASA, KO A CE ALBARKA?

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a wurin masu sha'awar wasanni, tun daga gidajen kallon ƙwallo na Jega da Aliero da Maiyama har zuwa manyan biranen Amurka. Gardamar kuwa ita ce: idan ƙungiya ta sami gwanin ɗan wasa wanda jama'a ke tururuwa don kallonsa, sa'an nan wata ƙungiya ta zo ta taya, shin a sallama ne, ko a ce albarka? Waɗansu sun ce rabuwa da gwani cin amanar magoya baya ne. Waɗansu kuma sun ce wasa ya zama sana'a, kowace haja kuwa tana da kuɗinta. Mu dai a ganinmu rabuwa da gwani ba laifi ba ne, muddin an yi ta a kan kari, an yi cinikin a fili, kuma an riga an tanadi magaji. Laifin yana wuyan wanda ya yi ta da gaggawa, a ɓoye, bai dubi gobe ba.

Bari mu fara da na gida. Ƙungiyar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, tana da 'yan ƙwallon ƙafa, tana kuma da 'yan ƙwallon kwando waɗanda suka sha ɗaukar kofin ƙasa. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 wani yaro da ya taso a Jos, Ahmed Musa, ya ci wa 'yan ƙwallon ƙafarta ƙwallo 18, ya fi kowa ci a gasar Nijeriya ta wannan shekara. Nan da nan Turawa suka hango shi. Bai ko cika shekara 18 ba aka gama maganar tafiyarsa zuwa ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai da ya cika a watan Oktoba na 2010 kana aka ba shi izinin fara wasa a can.

Lalle babu mai ƙaunar Pillars da zai so ganin bayan yaro irin wannan. Amma a duba abin da ya biyo baya. Shi yaron ya wuce CSKA ta Mosko a 2012, ya koma Leicester ta Ingila a 2016 a kan kuɗi wajen fam miliyan 16, ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar kofin duniya ta 2014, ya kuma ci biyu a ragar Ayisland a ta 2018. Ita kuwa Pillars ba ta durƙushe ba. Ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, da irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad. Daga baya ma Ahmed Musa ya dawo ya sa rigarta a 2021, ya sake dawowa a 2024, har aka naɗa shi babban manajanta a 2025.

To, me ya sa wannan rabuwa ta yi albarka? Na farko, ko da a ce ƙungiyar tana da ikon tsare shi, tsarewar zalunci ce, don babu ƙungiya a ƙasar nan da za ta iya biyansa abin da a ke biya a Turai, ƙarfin ɗan wasa kuwa na 'yan shekaru ne. Na biyu, ƙungiyar ba a kan mutum ɗaya aka gina ta ba. Tun kafin zuwansa ta ɗauki kofi a 2008, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Na uku, an rabu ana mutunta juna, shi ya sa ƙofar dawowa ba ta rufe ba.

Yanzu mu ƙetare teku mu ga yadda akasin haka ya faru a ƙwallon kwando. A gasar NBA ta Amurka ba kasafai a ke sayar da ɗan wasa da kuɗi ba, musaya a ke yi, a ba da mutum a karɓi mutum. Ƙungiyar Dallas Mavericks tana da wani saurayi ɗan ƙasar Sulobeniya, Luka Doncic, wanda aikinsa shi ne ɗauko ƙwallo daga baya, ya tsara hari, ya raba wa 'yan'uwansa ko ya jefa da kansa, watau shi ne madugun ayari. A kakar 2023 zuwa 2024 ya fi kowa cin maki a gasar, kusan maki 34 a kowane wasa, ya kuma kai ƙungiyar wasan ƙarshe na 2024, inda Boston ta rinjaye su. Kwatsam, a farkon watan Fabrairu na 2025, aka wayi gari an miƙa shi ga Los Angeles Lakers, aka karɓo Anthony Davis da Max Christie, da damar zaɓen sabon ɗan wasa a 2029.

Manajan Dallas, Nico Harrison, ya kafa hujja da cewa tsaron gida shi ke kawo kofi, Davis kuwa gwanin tsaro ne. Hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, amma cinikin ya karya dokokin da kowane dillali a kasuwar Jega ya sani. Mai sa mai ƙiba ba ya jansa bayan gida ya sayar wa mutum ɗaya cikin dare. Kasuwa ya ke kai shi, masu taya su taya, wanda ya fi ya ɗauka. A Dallas kuwa sauran ƙungiyoyi ba su ma san an sa Doncic a kasuwa ba sai da aka gama. Bugu da ƙari, an ba da mai shekara 25 aka karɓi mai shekara 31 wanda ya sha fama da rauni. Ga shi kuwa a wasansa na farko Davis ya ji rauni ya kwanta makonni. Ƙungiyar da ta je wasan ƙarshe a 2024 ba ta ko shiga zagayen neman kofi a 2025 ba, magoya baya suka yi ta bore, a watan Nuwamba na 2025 aka sallami manajan. An saki reshe an kama ganye ke nan. Gaskiya ne ƙuri'a ta faɗo musu a wannan shekara, suka sami damar zaɓen Cooper Flagg, alhali rabonsu a ƙuri'ar bai kai 2 cikin 100 ba. Amma sa'a ba dabara ba ce, mai hankali ba ya gina gida a kanta.

Akwai kuma darasi a labarin ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko. A 1992 saɓani ya shiga tsakaninsa da shugabannin Houston Rockets, har ya nemi a musanya shi. Da a ce sun bi zafin zuciya, da sun rabu. Sai aka zauna aka sulhunta, ya ɗauko musu kofi a 1994 da 1995. Ba su sallame shi ba sai a 2001, yana da shekara 38, ya tafi Toronto ya yi kaka ɗaya ya ajiye wasa. Watau sun riƙe lokacin riƙo, sun saki lokacin saki.

Manomin albasa na Aliero ya san wannan lissafi sarai. In ya kwashe amfaninsa duka ya zubar a kasuwa ranar da ta yi arha, ya yi asara. In kuma ya yi ta ɓoyo har ta ruɓe a hannunsa, ya yi asara. Haka ɗan wasa ya ke: ranar da yarjejeniyarsa ta ƙare yana iya kama gabansa, ƙungiya ba ta sami ko anini ba. Abin da manomin kirki ba ya yi ko kusa shi ne ya sayar har da iri.

Mun san akwai masu cewa, in haka ne ai kullum mu ke nan masu reno, waɗansu su ci moriya, filayenmu su zama kango, yaranmu su koma kallon wasan Ingila. Wannan kuka gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma maganinsa ba ɗaure ɗan wasa ba ne. Maganinsa shi ne a biya albashi a kan lokaci, a rubuta yarjejeniya mai ƙwari, kuma kuɗin da aka samu a cinikin gwani ɗaya a mai da shi wajen renon goma.

A nan ne maganar ta iso ƙofar malaman makaranta da akawunan ofisoshinmu. A ƙwallon ƙafa akwai dokar FIFA wadda ta ce, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. A ciniki na fam miliyan 16, wannan kaso ya kai fam dubu 800. Amma fa ba a biyan kowa da shaidar baki. Sai ƙungiyar da ke da rajista a hukumar ƙwallo, wadda kuma aka rubuta sunan yaron a ƙarƙashinta, da shekarun da ya yi a cikinta. Ƙungiyar unguwa da ba ta da takarda, ko ita ta saya wa yaro takalminsa na farko, sai dai ta ji labari a rediyo.

Sabo da haka muna kira ga masu kula da wasanni a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, da malaman da ke fita fili da yara bayan an tashi makaranta, su ɗauki alƙalami da muhimmanci kamar yadda suka ɗauki usur. A yi wa kowace ƙungiya rajista a hukumar ƙwallo ta Jihar Kebbi. A rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa ta gaskiya. Kada a bar wani ya ɗauki yaro zuwa Kano ko Ikko ko waje sai da sanin iyayensa da takarda a rubuce. Kada kuma a yarda a cire shi daga aji don ƙwallo, gama cikin yara masu yawa ƙalilan ne za su ci abinci da ita. Bayan haka, duk ranar da aka sami gwani, a fara horar da na bayansa tun a ranar.

In an yi haka, ranar da mai taya ya zo, za a iya sallamawa ko a ce albarka da kwanciyar rai. Allah ya sa mu gane, ya kuma yi wa yaranmu albarka.