Wa kunyar nan take karewa?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman 'yan ƙungiyarmu. Rubutun yana da tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe kafin ku sauko wajen sharhi ku fara zagina.

Daren jiya an kwana ana ka-ce-na-ce a guruf ɗinmu na WhatsApp har wajen ƙarfe 1. Laifina kawai na kawo shawara cewa a taron tarbar sababbin ɗalibai na bana a ware awa ɗaya, mata daban maza daban, a kawo likita da malamin addini su yi bayani a kan jikin mutum, da abin da ake kira cin zarafi, da abin da mutum zai yi idan an taɓa shi. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin minti goma wani ya ce zaman Kudu ya canza ni, wani ya ce kwangila na karɓo daga Turawa, wani Ustaz kuma ya ce wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Daga nan aka rufe guruf ɗin. To tunda an rufe can, bari in faɗa a nan inda babu mai rufewa.

Zan fara da abin da ya sa na kawo maganar. Na nemi izinin yarinyar kafin in rubuta, kuma na cire duk abin da zai sa a gane ta, don haka kada wanda ya biyo ni ta bayan fage yana tambayar wace ce.

Bara aka kawo ta, shekarunta 17, ba ta taɓa wuce jiharsu ba. Babanta ne ya rako ta a motar dare. Da zai koma sai ya damƙa ta a hannun wani ɗan yankinsu da ke ajin ƙarshe, wanda duk mun sani a sahun gaba a masallaci, ya ce masa ga amanar ƙanwarka nan. Shi ya yi mata zirga-zirgar rajista, shi ya samo mata gado a ɗakin kwanan ɗalibai. Yaya take ce masa. Bayan sati uku ya ce ta zo ɗakinsa a cikin gari ta karɓi tsofaffin takardun jarrabawa.

Kwana biyar bayan haka ta shigo ɗakina ta ce, "Anti, cikina ke ciwo." Sai da muka shafe kusan awa biyu kafin in gane abin da take son faɗa, don ba ta da kalmar da za ta faɗe shi da ita. Abin da ta iya cewa kawai shi ne ya yi mata abin da bai dace ba. Sannan ta yi mini tambayar da har yau take hana ni barci: "Anti, tunda ni na je da ƙafata, ai laifina ne ko?"

Ta riga ta yi wanka ya fi sau goma, ta wanke kayan da ta sa a ranar. Da muka je asibiti, nas ɗin ta ce maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shan sa, lokaci ya wuce. Allah ya tsare, gwaji ya fito lafiya, amma watanni ta yi tana jiran sakamako cikin fargaba. Ta roƙe ni da girman Allah kada in gaya wa kowa, don in babanta ya ji, karatun ƙannenta mata ma ya ƙare. Ba ta gama zangon ba ta koma gida, ta ce musu ruwan Kudu bai karɓe ta ba. Shi kuwa ya gama karatunsa lafiya lau. Ina zaune a wajen walimar bankwana aka kira sunansa aka ba shi takardar yabo, muka tafa masa. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi shiru, kuma ban yafe wa kaina ba.

Yanzu ku ba ni amsa, kunyar da kuke cewa mu riƙe, wa ta kare a cikin su biyun?

Ustaz, da kai zan fara, cikin girmamawa. Ka ce ba tarbiyyarmu ba ce. Kai da ni duk mun zauna gaban malam da Ahalari da Ishmawi, wasunmu har Risala. A ina muka fara jin janaba da haila da maniyyi da maziyyi? A Islamiyya, muna 'yan shekara 10 zuwa 12, malam yana fassarawa da Hausa tsantsa muna sunkuyar da kai muna dariya ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ce malam ya lalata mu. Aya ta 58 a Suratun Nur tana koya wa yaran da ba su balaga ba neman izini a lokuta uku kafin su shiga wajen manya. Hadisin raba wa yara wurin kwana in sun kai shekara 10 kowa ya haddace shi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba. A surar nan dai, aya ta 30 da ta umarci maza su runtse ido ita ta riga aya ta 31 da ta yi magana da mata. Mun koya wa yarinya yadda za ta yi wankan tsarki, mun kasa koya mata cewa in wani ya tilasta mata ba ta da zunubi, shi ke da shi. Rabin karatun muka ɗauka muka bar rabin da zai tona asirin manya.

Sai masu cewa za a buɗe wa yara ido. Haba jama'a. Wane idon ne ya rage a rufe? Ƙaninka ɗan shekara 13 yana da waya a hannu, da data ta naira ɗari biyu zai ga abin da kakanka bai taɓa gani ba har ya koma ga Allah. Darasin nan ana ba da shi kullum, a waya, a bayan aji, a bakin abokai, kuma abin da ake koya wa yaro a can shi ne in mace ta ce a'a yanga ce kawai. Zaɓin da ya rage mana shi ne ko mu bar wa waya aikin, ko likita da malami da uwa su riga ta. A binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014, an gano cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 a Najeriya sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Ku ƙirga mu nawa ne a guruf ɗin can, ku yi lissafin da kanku. Wasu daga cikin waɗanda suka yi shiru jiya, ba rashin abin faɗa ne ya sa su shiru ba.

Akwai kuma masu karin maganar nan, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wai da mace ta suturce jikinta ta zauna inda ya dace, da babu abin da zai same ta. Yarinyar da na ba ku labari hijabinta har ƙasa yake ja. Uwaila Omozuwa, ɗalibar Jami'ar Benin, a cikin coci aka far mata a watan Mayun 2020, ta je yin karatu, kuma ta rasu. Kwanaki kaɗan bayan nan aka yi wa Barakat Bello, 'yar shekara 18, fyaɗe aka kashe ta a gidan iyayenta a Ibadan. Ochanya Ogbanje ta Binuwai shekarunta 13 ta rasu a 2018, bayan an daɗe ana cin zarafinta a gidan da aka kai ta riƙo don ta yi makaranta. Wace daddawa ce ta yi wari a nan? Ina goyon bayan sutura, ni ma da ita nake yawo, don Allah ya umarce ni. Amma wanda ya mayar da ita amsar kowace tambaya, uzuri yake nema wa ɓarawo.

Kada kuma wani ya ce mini abin na 'yan Kudu ne. A watan Yunin 2020 'yan sandan Kano suka sanar da kama wani mutum a Kwanar Ɗangora da ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe. A watan ne gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. A farkon 2019 da matan Arewa suka fara ba da labarinsu a Twitter ƙarƙashin #ArewaMeToo, mun ga sunayen da suka riƙa fitowa: kawu, malamin gida, direba, maƙwabci, saurayi. Me da yawanmu muka yi? Muka bar abin da aka faɗa muka koma zagin masu faɗar. Bambancinmu da mutanen da muke zaune cikinsu a nan shi ne su sukan yi ihu, mu kuwa mukan kira dattawa a sasanta a rufa asiri, a ba uban yarinya haƙuri, wani lokaci ma a aura mata wanda ya cuce ta.

Zan yi adalci ga masu tsoro, don tsoronsu yana da tushe. Akwai abubuwan da ake cusawa a wasu manhajojin ƙasashen waje da suka saɓa wa addininmu, ni ma ba zan yarda a koya wa ƙanwata su ba. Ko a nan gida an daɗe ana jayayya a kan manhajar ilimin zaman iyali da cutar HIV da aka shigar makarantu tun 2003. A watan Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu, a bar wa iyaye da malaman addini. To mun ji. Tsakaninku da Allah, maza, wane ne a cikinku babansa ya taɓa zaunar da shi ya yi masa wannan maganar? Mata, ban da "kada ki bari namiji ya taɓa ki, ciki za ki yi", me aka gaya muku? An karɓe aikin daga hannun makaranta an miƙa wa gida, gida kuma ya ce kunya yake ji. Idan na wasu bai yi mana ba, sai mu zauna da malamanmu da likitocinmu mu tsara namu da harshenmu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ƙi nasu, a ƙi yin namu, sannan a kira hakan tarbiyya.

Wani ya ce ai akwai doka. Akwai kam. Akwai dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP da aka sa wa hannu a 2015. Kaduna ma a watan Satumban 2020 ta kawo hukuncin dandaƙa ga masu yi wa ƙananan yara fyaɗe. Amma doka sai an kai ƙara take aiki, ƙara kuma sai da hujja. Farfesa Richard Akindele na jami'ar Ile-Ife ya samu ɗaurin shekara 2 a ƙarshen 2018 ne saboda ɗalibar da ya nema ta naɗi muryarsa a waya. Binciken da BBC ta fitar a watan Oktoban 2019 kan malaman jami'a masu neman ɗalibai don maki, a Legas da Ghana, ya girgiza mutane ne saboda an ga abin da ido. Yarinyar da ba ta san sunan abin da aka yi mata ba, ta wanke hujjar da hannunta, ta ɗora wa kanta laifi, wace doka ce za ta iske ta?

Ga abin da nake so a faɗa a cikin awa ɗayan nan, don kada a ci gaba da yi mini ƙage:

1. Jikinki amana ce a hannunki. Babu malami, babu Yaya, babu shugaban ƙungiya da taimakonsa ya ba shi haƙƙi a kansa.
2. Galibi mai cutarwa sananne ne. Yakan fara da alheri, da kyauta, da "kada ki gaya wa kowa", da neman a keɓe.
3. In abu ya faru, a garzaya asibiti kafin awa 72, in da hali kafin wanka, a adana kayan da aka sa da saƙonnin waya. Akwai cibiyoyi na musamman don wannan, irin su Mirabel a Ikeja, Salama a Kaduna da Waraka a Kano.
4. Wadda aka tilasta wa ba mazinaciya ba ce. Wannan daga bakin malami nake so ta ji shi.
5. Maza su ji cewa a'a tana nufin a'a, shirun tsoro ba yarda ba ne, kuma su ma ana cin zarafinsu, faɗa ba ya rage musu mazantaka.
6. A ba kowace sabuwar ɗaliba lambar yayye mata biyu da za ta iya kira ko da tsakar dare.

A nuna mini layin da ya saɓa wa Musulunci a cikin shidan nan, wallahi zan goge rubutun in nemi afuwa a bainar jama'a.

'Yan uwana maza, na san yawancinku mutanen kirki ne. Kun sha raka mu tasha da daddare, kun sha tsaya mana lokacin da aka tsangwame mu saboda hijabi. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Kun iya kare mu daga bare, amma in na gida ne sai ku ce kada a ɓata sunan Arewa a gaban Yarabawa da Inyamurai. Wanda ya ci amana a ɗakinsa shi ya ɓata sunan, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Nan da 'yan makonni wasu iyayen za su sake sauka daga motar dare da 'ya'yansu, su damƙa mana su, su ce ga amana. Ni dai na yi wa kaina alkawari, ko ƙungiya ta yarda ko ba ta yarda ba, zan tara sababbin ɗalibai mata a ɗakina in gaya musu abin da na sani. Na yi magana da wata 'yar uwa da ke ajin ƙarshe a fannin likitanci, ta ce za ta zo. Saura ɓangaren maza. Ina jiran namiji ɗaya da zai ce shi zai tara ƙannenmu maza. Ustaz, da za ka karɓa, da na fi kowa murna, don sun fi jin maganarka.

Shugaba, don Allah a buɗe guruf, a sa maganar cikin ajandar taron ranar Asabar, a kaɗa ƙuri'a kowa ya ga hannun kowa.

Allah ya tsare mana ƙannenmu, ya saka wa waɗanda aka zalunta, ya yafe mana shirun da muka yi.